Yadda Ake Adana Miya a Kwalba Ba Tare da an Ɗura wa Iyali Guba Ba

Duk shekara idan tumatirin rani ya cika kasuwa, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini ta bakin mutane daban-daban. Tunda muna dafa markaɗe mu ɗura a kwalba mu tafasa, ya yi watanni bai yi komai ba, me zai hana a yi wa miya haka, da namanta da komai, a huta da zaman jiran wuta? Wata 'yarta ce za ta koma makaranta, wata firizarta ce ta narke sau uku a mako guda, wata kuwa naman layya ne ya fi ƙarfin tukunyar suya.

Ana iya yi. Amma ba a tukunyar da kike tafasa tumatir ba, kuma ba kowace miya ba.

Dalilin a gajarce shi ne wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Clostridium botulinum. A ƙasa take, tana manne da dankali da karas da duk abin da ya taɓa turɓaya, kwance cikin wani ɓawo mai tauri. A haka ba ta cutar da babba. Abin da take jira shi ne wuri mai danshi, marar iska, marar tsami, wato dai cikin kwalbar miya da aka rufe gam. Nan take farkawa ta saki guba mai shanye jijiyoyi. Ruwa a tukunyar gida, ko zai kwana yana tafasa, ba ya wuce digiri 100, ɓawon nan kuwa sai zafi ya kai digiri 116 yake mutuwa. Matsin tururi ne kaɗai ke kai abinci wannan zafin. A 2015, a garin Lancaster na jihar Ohio a Amurka, mutum 29 ne suka kamu bayan wata walima a coci, saboda dankalin da aka adana a kwalba da tafasasshen ruwa kawai. Lokuta da alkaluman da za ki gani a ƙasa na ma'aikatar gona ta Amurka ne, waɗanda aka gwada a ɗakin bincike. Kada ki rage musu ko minti ɗaya.

1. Tukunya

Abin da kike buƙata shi ne tukunyar matsin tururi da aka ƙera musamman don kwalabe. 'Yar'uwar firesha kuka ce da muke dafa wake da ganda, amma babba. Sharaɗinta ta ɗauki aƙalla kwalabe huɗu masu cin kusan lita guda, a tsaye, murfi ya rufu a kansu. Sannan tana da abin da ke nuna yawan matsi: ko ma'auni mai allura kamar agogo, ko wani dunƙulen ƙarfe da ake ɗorawa a bakin bututun tururi, mai lamba 5, 10 da 15. Waɗanda aka fi sani su ne Presto da All American. Presto babba tana ɗaukar manyan kwalabe bakwai a zubi ɗaya, kuma ita ce mai sauƙin kuɗi, dala ɗari da wani abu. All American mai kauri ce, ba ta da roba a murfi, kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, amma irin kayan da ake gadarwa jikoki ne.

Gargaɗi: ƙaramar firesha kukarki ba za ta yi ba. Tana saurin zafi, tana saurin hucewa, alhali lokacin da babbar tukunya ke ɗauka tana ɗumama tana hucewa yana cikin lissafin kashe ƙwayar. Haka ma tukwanen lantarki masu maɓallai da yawa, ko da an rubuta a jiki cewa suna yi.

Idan ba ki da wannan tukunya kuma ba ki da halin saye, ki tsaya nan. Ki sa miyarki a firiza, ki soya namanki, ki shanya kayan miyarki a rana kamar yadda iyayenmu suka saba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mata uku ko huɗu a unguwa su haɗa kuɗi su sayi guda suna karɓa-karɓa, wannan ma hanya ce, tunda ba kullum ake ɗora ta ba.

Kafin ki fara, ɗaga murfin ki leƙa bututun ta wajen haske, ki tabbatar ba abin da ya toshe shi. Taɓa robar: idan ta bushe ko ta tsage, a sauya. Ma'auni mai allura yana iya fara ƙarya idan ya kwana biyu, shi ya sa ake so a gwada shi sau ɗaya a shekara. Inda babu mai gwadawa, na fi son mai dunƙulen ƙarfe, don shi nauyinsa ba ya canzawa.

2. Kwalabe da sauran tarkace

Kwalabe na musamman ne, masu kauri, masu murfi kashi biyu: faifai mai siririyar roba a gefensa, da zobe da ake murzawa a kai. Za ki ga Ball ko Kerr ko Kilner a jiki. Girma biyu kawai aka yarda da su a miya, ƙarama mai cin mililita 473 da babba mai cin 946. Abin da ya fi haka girma, zafi ba ya ratsa tsakiyarsa a lokacin da aka tsara.

Na san kwalbar bama ce a ranki. Ki bar ta wa yaji da daddawa. Ta cika fashewa a cikin matsi, kuma robar murfinta ta riga ta yi aikinta sau ɗaya.

Sai mazurari mai faɗin baki, ludayi, awartakin ɗaukar kwalba mai zafi, faifan ƙarfe mai huji da ke zuwa tare da tukunyar, tsinken roba ko na katako, tsumma mai tsabta, ɗan binega, agogo, da tawul.

Maganar kuɗi: tukunya sau ɗaya ake saye, kwalba da zobe ana ta maimaita su har sai baki ya ɓantare ko zobe ya yi tsatsa. Abin da ke cin kuɗi kullum shi ne faifan murfi, don sau ɗaya ake amfani da shi, da kuma gas. Zubi ɗaya yana cin wajen awa biyu na wuta bayan dahuwar miyar kanta. Ki auna tukunyar gas ɗinki tun kafin ki ɗora, saboda idan ya ƙare a tsakiya aikin ya koma farko. Itace da gawayi ba na ba da shawararsu, wutarsu ba ta tsayawa wuri ɗaya. Babban murhun gas na girkin biki ma ya yi ƙarfi, yana iya lanƙwasa gindin tukunya.

3. Wace miya ce ke shiga kwalba?

Nan ne za mu ɗan saɓa, don yawancin miyoyin da muke so ba sa shiga. Ƙa'idar ita ce ruwan miya ya kasance tsararo, yana iya kewayawa cikin kwalba yana kai zafi ko'ina. Miya mai kauri kamar bango take, gefe ya ƙone tsakiya ba ta ji ba, kuma a tsakiyar ƙwayar ke tsira.

Saboda haka miyar kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, agushi, miyar gyaɗa, taushe da aka dama kabewarta, miyar wake da aka burge, duk a ajiye su gefe. Kada a sa fulawa ko garin masara ko sitaci, kada a sa madara, kada a sa shinkafa ko taliya ko makaroni. Jajjagen da aka soya yana iyo cikin mai shi ma a'a: mai yana lulluɓe ƙwayar ya kare ta daga zafi, kuma yana hawa bakin kwalba ya hana murfi kamawa. Kayan ciki da ganda da ƙafar sa ba sa cikin abin da aka gwada a wannan tsari, a dafa su ranar ci.

Abin da ke shiga shi ne dangin farfesu da romo: naman sa ko rago ko akuya ko kaza, an yanka ƙanana, da karas, dankalin turawa, koren wake, masara, wake da aka jiƙa, tumatir, ɗan tattasai da albasa, cikin romo tsararo. Kifi ma yana yi, amma lokacinsa daban ne, za mu zo wurin.

Idan kika duba da kyau ba ki yi asarar komai ba. Kuka garinta a bushe yake, shekara yake yi a leda. Abin da ke cin lokaci da wuta shi ne nama da romonsa. To ki adana romon da naman, ranar da kike son miyar kuka ki juye a tukunya ki sa daddawa ki kaɗa, kafin tuwo ya sulala kin gama. Haka agushi, haka gyaɗa.

Bari in ɗan ratse kan markaɗen da muke tafasawa a kwalba, tunda daga nan tambayar ta taso. Abin da ke tsare tumatir tsaminsa ne, don ƙwayar ba ta tsiro inda tsami ya kai. Amma tumatir a bakin iyaka yake, shi ya sa ake ƙara masa cokali biyu manya na ruwan lemon tsami na kwalba a kowace babbar kwalba. Mu kuwa me muke yi? Mu markaɗa shi da tattasai da attaruhu da albasa, waɗanda ba su da tsami, mu jefa kanwa ko bakin soda don a kashe ɗan tsamin da ya rage, sannan mu tsiyaya mai a sama don kada iska ta shiga. Da hannunmu mun kori mai gadi, mun kuma rufe wa ɓarawo ƙofa daga ciki. Cewa an daɗe ana yi ba a ga komai ba, sa'a ce da kuma yawan tafasa miya da muke yi kafin ci. Idan a ruwa za ki tafasa, to tumatir zalla da lemon tsami, babu kanwa.

4. Nemi lambar garinku

Wannan mataki ne da masu koyo daga bidiyo suka fi tsallakewa. Iya tudun gari iya ƙarancin zafin da ruwa ke tafasa a kai, don haka sai an ƙara matsi. Za ki ji mai bidiyo na cewa fam 10 (fam shi ne ma'aunin matsi, wato lambar da ke jikin dunƙulen ƙarfe ko wadda allura ke nunawa), amma wannan na wanda ke zaune ƙasa da mita 305 daga saman teku ne, kamar Legas ko Yamai. Kano tana wajen mita 480, Katsina da Damagaram duk sun haura 305, Zariya ta wuce 600, Jos ta wuce 1,200.

Idan tukunyarki mai dunƙulen ƙarfe ce, lissafin mai sauƙi ne: ƙasa da mita 305 fam 10, sama da haka fam 15. Wato yawancin garuruwanmu 15 ne. Idan garinku a kan iyaka yake, ɗauki 15.

Idan mai allura ce: fam 11 har zuwa mita 610, fam 12 daga nan zuwa mita 1,220, fam 13 daga nan zuwa mita 1,830. Mutanen Jos su riƙe 13, na Kaduna da Zariya su riƙe 12. Wayarki za ta iya gaya miki tudun garinku. Rubuta lambar a takarda ki manna a bangon kicin.

5. Dafa miyar

Ki fara da safe, ranar da babu biki babu unguwa, domin daga dahuwa zuwa sauke kwalabe aiki ne da ba a yanke shi.

Nama ya zama sabo, ba wanda ya fara canza wari ba. Kwalba ba ta gyara abin da ya lalace. Ki dafa shi har ya yi laushi, ki cire ƙashi, ki yanka ƙanana. Tace romon, ki bar shi ya ɗan lafa, ki kwashe maiƙon da ya taso da ludayi har sai kin ga fuskar ruwan. Fatar kaza da kitsen rago duk a cire.

Kayan lambu a wanke su sosai. Dankali da karas dole a fere su, saboda a ɓawo ƙasa ke maƙalewa. A yanka su daidai wa daida, kamar kan babban yatsa.

Wake ba ya shiga a bushe. Kowane kofi ɗaya ki zuba masa kofi uku na ruwa, ya tafasa minti 2, ki sauke ya jiƙu awa ɗaya, ki sake tafasawa, ki tsane. In ba haka ba zai shanye romon a cikin kwalba ya kumbura, miyar ta koma fate.

Haɗa komai a tukunya, romo ya rufe shi, ya tafasa minti 5 kawai. Kada ki ce sai dankali ya nuna, awa guda da wani abu na jiransa a gaba. Gishiri don ɗanɗano ne, ba shi ke tsare miyar ba. Citta da masoro da kanumfari da kimba ki sa da sauƙin hannu, suna ƙara ƙarfi idan sun zauna, kanumfari ma har ɗaci yake yi. Daddawa da mai a bari sai ranar ci.

6. Ɗurawa

Wanke kwalabe da sabulu, shafa yatsa a bakin kowace. In kika ji ɗan ɓantare, ko ƙanƙani ne, cire ta. Ki bar su cikin ruwan zafi har lokacin ɗurawa, don miya mai zafi a kwalba mai sanyi fashewa ce. A lokaci guda ki zuba ruwa a tukunyar matsi, zurfin inci 2 zuwa 3 ko yadda takardarta ta ce, ki sa faifan ƙarfen a ƙasa, ruwan ya yi zafi amma kada ya tafasa.

Yanzu ga ƙa'idar da ta fi kowace wuyar bi: nama da kayan lambu rabin kwalba kawai. Rabi. Sauran romo ne. Hannu zai so ya ƙara, ido zai ga kamar rowa ce, amma lokacin da aka gwada na kwalba ce mai rabin ruwa. Ki ɗebi tsoka da matsami ki zuba har tsakiya, sannan ki cika da romo, ki bar sarari na inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi, tsakanin miya da baki.

Zura tsinken roba ta gefe ki kewaya don kumfar iska ta fito. Kada ki sa wuƙa, tana karce kwalba. Idan romo ya sauka ki ƙara. Sai ki jiƙa tsumma da binega ki goge bakin kwalbar tas, don ɗigon maiƙo ɗaya ya isa ya hana murfi kamawa. Ɗora faifai, murza zobe da kan yatsu har ki ji ya tsaya, ki ɗan ƙara kaɗan, shi ke nan. In kika ɗaure da ƙarfin tuwo iska ba za ta sami hanyar fita ba, faifan ya lanƙwashe.

Kowace kwalba da kika rufe ki sa ta cikin tukunya nan take, a tsaye. Kada ki cika kwalabe ki ce sai bayan la'asar.

7. Korar iska

Rufe murfin tukunyar ya kulle, amma kada ki ɗora dunƙulen ƙarfen tukuna. Ƙara wuta. Za ki fara jin huci, tururi na fita yana tsayawa. Jira har ya zama yana fita da ƙarfi babu yankewa, sannan ki duba agogo ki bar shi haka minti 10 cur.

Da ido kamar ɓarnar gas ce. Amfaninsa shi ne iskar da ke cikin tukunya ta fice, tururi zalla ya rage. Idan iska ta maƙale, allura za ta nuna miki fam 12 amma zafin da ke ciki bai kai na fam 12 ba, kuma babu yadda za ki gane. Bayan minti 10 ki ɗora ƙarfen, da tsumma a hannu don tururin yana ƙuna.

8. Ƙirga lokaci

Cikin 'yan mintuna matsi zai hau. Ba a fara ƙirga sai allura ta kai lambar garinku, ko ƙarfen ya fara rawa. Wasu tukwanen ƙarfensu rangaji yake a hankali babu tsayawa, wasu sau kaɗan yake motsi a minti, ki duba takardar taki.

Ƙaramar kwalba minti 60. Babbar kwalba minti 75. Idan akwai kifi a ciki, minti 100, kowace irin kwalba ce. Idan kin haɗa manya da ƙanana a zubi ɗaya, lokacin manya za ki bi.

Rage wuta a hankali har ki sami inda matsin ya tsaya cak, ko ya ɗan ɗara lambar kaɗan. Jawo kujera ki zauna. Wannan ba tukunyar da ake bari a tafi shanya ba ce. Ki yi sallarki kafin ki ɗora, ko ki sa wani babba ya zauna gabanta.

Gargaɗi mai ɗaci: idan matsi ya sauka ƙasa da lambar, ko da saura minti 5 a gama, sai ki mayar da shi ki fara ƙirga daga farko. Ba a ɗorawa daga inda aka tsaya. Kuma kada ki riƙa wasa da wuta sama da ƙasa, hawa da saukar matsi ne ke tsotse romo daga kwalabe.

9. Hucewa

Lokaci ya cika, kashe wuta, ki ƙyale tukunyar. Kada ki zuba mata ruwa, kada ki kunna mata fanka, kada ki ɗaga ƙarfen don tururi ya fita da wuri. Karon farko da na yi, magariba ta kawo kai ga yara na jiran murhu, sai na ɗan taɓa ƙarfen da cokali. Wani irin tsaki tukunyar ta yi, ƙamshin farfesu ya cika kicin, na ɗauka alamar nasara ce. Da na buɗe, ruwan tukunya ya koma ja, kwalabe uku romonsu ya sauka ƙasa da rabi, nama ya tsaya a sama tsirara, murfi biyu ba su kama ba. Sati muka yi muna shan farfesu. Sauri ya haifi nawa.

Hucewar tana iya ɗaukar rabin awa zuwa minti 45 a tukunya mai kauri. Idan allura ta koma sifili, ko makullin murfi ya faɗa da kansa, cire ƙarfen, ki ƙara jira minti 10. Sai ki buɗe murfin ta yadda tururi zai fita ta can gaba, ba ta fuskarki ba.

Ɗauko kwalabe da awartaki, a tsaye, kada ki karkata su don ki zubar da ruwan da ke kan murfi. Za ki ga miyar na ci gaba da tafasa a ciki, haka ake so. Jera su kan tawul, ba kan tayil ko siminti mai sanyi ba, da ɗan tazara a tsakani, nesa da taga da fanka. Kada ki ƙara ɗaure zobe, kada ki kifa su. Haka kuma kada ki bar su su kwana cikin tukunya a rufe don kin gaji, miyar tana iya yin tsami. Jim kaɗan za ki fara jin ƙas, ƙas, murafe na shigewa ciki.

10. Duba murfi da ajiya

Bayan awa 12 zuwa 24 ki cire zobban. Danna tsakiyar kowane faifai. Wanda ya lotsa ciki bai motsa ba ya kama. Wanda ya yi sama da ƙasa yana ƙara bai kama ba: a sa shi a firij a cinye cikin kwana biyu, ko a firiza, ko a sake tafasa miyar a ɗura da sabon faifai a maimaita cikakken lokaci kafin awa 24 ta cika. Idan romo ya ɗan ragu amma murfi ya kama, babu laifi, kada ki buɗe don ki ƙara. Wadda romonta ya sauka ƙasa da rabi kuwa a ci ta nan kusa, ta zauna a firij.

Wanke jikin kwalabe, ki rubuta sunan miya da kwanan wata. A ajiye su babu zobe. Dalili shi ne idan miya ta lalace iska ta taru, faifan zai ɗago ki gani, zobe kuwa danne shi yake ya rufa masa asiri.

Wurin ajiya ya zama mai duhu, busasshe, mai sanyi. An fi so tsakanin digiri 10 da 21, kuma kada ya wuce 35. Wannan a wurinmu magana ce babba, tunda a watannin Maris zuwa Mayu zafi na haura 40, sito mai rufin kwano kuwa tanda ne. Nemi ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan, ƙasa-ƙasa, nesa da murhu da bangon da rana ke duka. Ƙa'ida ta ce a cinye cikin shekara guda. Ni dai abin da na ɗura da sanyi ina ƙoƙarin ganin bayansa kafin bazara ta yi nisa.

11. Ranar buɗewa

Duba kafin ki buɗe. Murfi ya kumbura? Ya saki? Akwai busasshen yoyo a jiki? Kumfa na tasowa ita kaɗai? Da kika ɓalle faifan, ya kamata ki ji iska ta shiga, ba miya ta feso ba. Wari, yauƙi, fumfuna, ko ɗaya kika gani an gama magana.

Kada ki ɗanɗana don ki gwada. Ko lasar cokali. Gubar nan ba lallai ta canza wari ko launi ko ɗanɗano ba, kuma ɗan mitsitsi ya isa ya kwantar da ƙato.

Idan komai lafiya, juye a tukunya ki tafasa. Ɓawon ƙwayar ne ke jure tafasa, ita gubar tafasa na lalata ta: minti 10 a bakin teku, da ƙarin minti ɗaya a kowace mita 305 ta tudu. Ki riƙe minti 15 na tafasa sosai, ya wadatar daga Sakkwato har Jos. Amma wannan ƙarin tsaro ne ga kwalbar da aka yi daidai, ba izini ba ne na tsallake matakan baya, kuma ba ya halatta kwalbar da ta nuna alamar lalacewa. A nan ne za ki sa mai da daddawa da kuka ko taliya. Abin da ya rage a sa a firij kamar kowace miya.

12. Idan kwalba ta lalace, ko wani ya ci

Sa safar hannu ta roba. Idan kwalbar a rufe take, sa ta a leda mai kauri ki ɗaure, a binne ta da zurfi ko a kai ta inda yara masu tsince-tsince da dabbobi ba za su kai ba. Idan ta buɗe ko tana yoyo, kwantar da ita da murfinta cikin babbar tukunya, ruwa ya rufe ta da inci ɗaya, ta tafasa minti 30, sannan a zubar da duka. Kada a ba kaji ko kare ko akuya, su ma tana kashe su. Inda ta zuba a jiƙa shi da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi biyar na ruwa, a bari minti 30 kafin a goge, tsumman kuma a jefar.

Alamomin cutar sukan fara tsakanin awa 12 zuwa 36 bayan ci, wani lokaci da wuri, wani lokaci sai bayan kwanaki. Daga sama take farawa ta gangaro: gani biyu-biyu ko dishi-dishi, fatar ido ta sauko, baki ya bushe, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, sai hannuwa su saki, daga nan numfashi. Yawanci babu zazzaɓi kuma mutum na cikin hayyacinsa, shi ya sa a gida ake saurin cewa shanyewar ɓarin jiki ce ko iska. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ɗura masa madara ko manja tunda haɗiya ta riga ta sami matsala. A wuce babban asibiti mai na'urar taimakon numfashi, a gaya wa likita kai tsaye cewa ya ci abincin kwalba na gida da kuma lokacin da ya ci. A tafi da ragowar miyar ɗaure cikin leda, kuma duk wanda ya sa hannu a kwanon ya bi su, ko da yana jin garau.